Rigar da Ta Kwana Ɗakin Saje

Ni na ɗinka rigunan, saboda haka ba ni da wanda zan ɗora wa laifin girmansu. Guda huɗu ne, na kaki, daga yadin da wani attajirin garinmu mazaunin Sakkwato ya aiko mana. Mu kuwa da muka yarda za mu yi sintiri mu ashirin ne cif. Da aka tambaye ni awon wa zan ɗauka, sai na ɗaga kai na dubi jama'a, na zaɓi mahaucin unguwarmu, don shi ya fi kowa jiki. Na ce rigar da ta shige shi babu wanda za ta ƙi. Haka kuwa aka yi, ta shigi kowa, wasunmu ma in sun sa ta har wurin mutum guda yakan rage a ciki.

Garinmu ƙarami ne, gefen Dinawa a ƙasar Wurno, fadama a gabansa, daji a bayansa. A shekarun da ɓarayin daji suka matsa wa gabashin Sakkwato, Allah ya tsare mu, ba su taɓa shigo mana ba. Amma mun ga waɗanda suka gan su. Mun ga mutanen wajen Goronyo da na ƙasar Rabah suna isowa da tabarmi a ka da tukunya a hannu, ba sa son a tambaye su kome. Tsoro ya shige mu sosai, ni dai ban ɓoye nawa ba. Dattawa suka zauna suka ce manomi ba zai iya duƙawa gona kuma ya riƙa waiwaye ba, dole a sami wanda zai tsaya yana dubawa yayin da saura ke aiki. Albashi babu, suka ce, sai addu'a.

Wanda aka ba ragamarmu shi ne Saje. Tsohon soja ne, ya yi shekara talatin da wani abu cikin kaki, ya dawo gida da furfura da ƙafar hagu mai ja. Gajere ne siriri, in ka gan shi daga baya sai ka ce iska za ta ɗauke shi, amma in ya daka tsawa har jakuna kan tsaya. Ranar farko ya jera mu a filin firamare ya ce a wasu ƙasashe akwai sojoji irinmu, kowa yana sana'arsa, malami na koyarwa, maƙeri na ƙira, in an kira su sai su sa kaki su fito.

Taubashina, ɗan ƙanwar babana, wanda tun muna yara kowa cikinmu ke cewa ɗayan bawansa ne, ya ɗaga hannu. "Baba Saje, su ma gora suka riƙewa, ko su an ba su abin da ka tashin ƙara?"

Saje ya dube shi tun daga hula har silifas. "Su an ba su hankali," in ji shi. "Zagaya hilin ga sau biyar."

Kowace Asabar da hantsi fareti muke yi. Ban san ko akwai abin da ya taɓa ba matan garinmu dariya kamar faretin nan ba. Ta kan katanga suke leƙe, kana jin ƙyalƙyalarsu. Mutane ne da suka girma suna tsallake kunyar gero, ga shi an ce su yi tafiya ƙafa ɗaya. In Saje ya ce a juya dama, wanzamin unguwarmu hagu yake juyawa, kullum, sai ya yi kiciɓis da mahauci fuska da fuska, kuma don tarbiyya sai ya gaishe shi. Ladaninmu kuwa ba ya iya taka ƙasa da ƙarfi, wai yana tausayin tururuwa. Ni ba na yabon kaina, amma ina cikin na kirki, in ban da ranar da na sara wa Saje da almakashi a hannu na kusa cire wa kaina kunne.

Da farko abin da aka faɗa mana mai sauƙi ne. Kwana ɗaya cikin biyar za ka sa riga, ka tsaya inda aka ajiye ka tun fitowar rana har la'asar, da usur a wuya da waya a aljihu. In ka ga abin da hankalinka bai kwanta da shi ba, ka busa usur mutane su bar gona, ka kira jami'an tsaro na Wurno. Saje ya ce ba a ɗauke mu jarumta ba, ido aka ɗauke mu.

Amma gari ya ga riga. Kafin wata biyu, mata in za su itace sai mai riga ya raka su. Ranar kasuwar Gandi mai riga zai raka motoci har mararraba. Shanun Fulanin rugar gabas sun leƙa waken wani, a kira mai riga, ya tsaya tsakani yana shan zagi da Hausa da Fillanci, alhali yawanci saniya ɗaya ce ta ci ganye uku. Jaki ya ɓata, mai riga. Maciji ya shiga rumbu, mai riga, kamar kakin yana hana sara. Wata tsohuwa ta taɓa sa aka sauko da ni daga tudu da gudu, na iso ina haki, ashe guga ne ya faɗa mata rijiya. Na ciro, ba ta ko gode ba, ta ce na daɗe.

Ni kuma nawa ya fi na kowa, kuma har yau in na tuna raina yakan ɗan sosu. Don na taɓa sakandare, ni ke rubuta rahoton mako. Don ni tela ne, duk rigar da ƙaya ta yaga gidana take zuwa. Keken ɗinkina ya koma wurin kwanan kaji. Wata mata da ta kawo atamfa tun kafin azumi ta zo karɓa bayan babbar salla, ta tarar ko yanka ban yi ba. Ta ce in na gama tsare ƙasa in aiko mata da ita ta yi likkafani.

Mai ɗakina ba ta taɓa hana ni ba, amma bakinta bai taɓa hutawa ba. "Malam, jiya soja, yau tela, gobe manomi in an ga dama. Ni dai a hwaɗa mani wa nika dahwa ma tuwo, in san yawan garin da za ni sawa."

Maganar jerin aiki kuwa, da farko Saje ya rubuta shi a kwali ya kafa bakin masallaci. Bai kwana uku ba akuya ta cinye. Ya sake rubutawa, ta sake cinyewa, har muka fara zargin taubashina da shafa wa kwalin gishiri. Sai Saje ya ce shi ya gama da takarda. Ya raba mu gida huɗu, mutum biyar biyar, unguwa unguwa, kowane gida da rigarsa da wurin tsayuwarsa. Wanda ya sauka aiki da la'asar shi zai kai wa na gaba. Doka ɗaya ya kafa, kuma har yaran gari sun haddace ta: "Wanda riga tak kwana ɗakinai, shi ad da aiki."

Tamu ita ce rigar tudun fadama, wani tudu mai bishiyar aduwa guda ɗaya, inda ake hango lambuna gaba ɗaya da hanyar da ta fito daga daji. Ina gane ta ko daga nesa, don baƙin zare ya ƙare mini lokacin da nake ɗinka aljihunta, na ƙarasa da kore. Mu biyar ke karɓa-karɓa da ita: ni, taubashina, mahauci, wanzami da ladan. An yarda a yi musaya in mutum yana da uzuri, amma hannu da hannu, ka roƙa a amsa maka. Sai dai ɗan Adam. Ba a daɗe ba aka gano cewa dokar ba ta ce sai mai ɗaki ya sani ba. Aka fara rataye wa mutum riga a zaure yana masallaci. Taubashina ne ya ƙirƙiro, ni ne na fi kowa zagin masu yi.

To ga albasa. Babanmu yana da wani iri nasa, ja ce mai tauri, ba ta cika girma ba, amma in ka jera ta a rudu, wato rumfar karan da muke ajiyar albasa, sai ta kai tsakiyar damina ba ta ruɓe ba. Kowace shekara yakan ware mafi kyawun kawuna ya sake binne su, su yi tsiri su yi fure, ya tara irin a gora. Da ciwonsa ya yi tsanani ni ya miƙa wa goran. 'Yan'uwana duk sun bar noma, wani yana tuƙi, wani yana tireda a Sakkwato. A shekarar da nake ba da labari, laima ta shiga goran ta lalata abin da ya rage. Duk abin da ya saura na irin babana a duniya yana cikin fangali goma sha biyu a lambuna, wato 'yan filayen da muke kewayewa da kunya don su riƙe ruwa, ya fitar da kai, furen ya buɗe fari tas.

A daidai lokacin ne magudanar da ke kawo mana ruwa ta fashe can sama. Ruwan fadamarmu da ma layi layi ake ba da shi, kowane layi da ranarsa. Aka kwana goma sha ɗaya babu ko ɗigo, ga zafin bazara ya sauko da wuri. Ganyen ya fara kwantawa, ƙasa ta tsage. Albasa mai fure in ta sha ƙishi, kan zai bushe da kyau a ido, amma in ka murza sai ƙaiƙayi. Kullum da yamma nakan je in tsuguna bakin fangulan in dawo ban iya cin tuwo ba.

Ranar wata Talata bayan la'asar mai rabon ruwa ya miƙe ƙofar masallaci ya ce an gyara. Gobe layin gabas, daga hantsi zuwa azahar, wanda bai sha ba sai ya jira zagayowa, kwana takwas ko fiye. Layin gabas shi ne nawa. Na dawo gida kamar in yi rawa, ina tafe ina lissafin fangalin da zan fara buɗewa. Ina shiga zaure na tarar da taubashina zaune kan kujerar kekena, ya miƙe ƙafa, rigar tudu a cinyarsa tana tashin gumi.

"Bawana, ga kayan sarautarka," in ji shi. "Na ƙara mata turare."

Wallahi na manta sarai cewa ni ke bin sa. Na zauna na sassauta murya, na kira shi da sunan da ban taɓa kiran sa da shi ba, na ce ubangidana, ka riƙe mini ita gobe kaɗai, in yi maka kwana biyu a jere. Ya ji daɗin sunan ƙwarai, ya sa na maimaita. Sannan ya ce ba ya iyawa, an riga an ɗaure buhunan wakensa a mota, da asuba za su Rabah. Gaskiya yake faɗa, na ga buhunan. Ya ajiye rigar kan keke ya fita yana waƙa.

Mai ɗakina tana jin mu daga tsakar gida. Ta ce, "Tahi wurin Baba Saje ka hwaɗa mai gaskiya. Mutum na, ba dutse ba."

Na ce ba ta san Saje ba. Makon da ya wuce ya tsaya gabanmu ya ce wanda ya sake kawo masa uzuri in ba gawa ba, ya ajiye usur ya koma cikin mata masu leƙe. Ni kuma da nake rubuta rahoto, da nake zagin masu rataye, in je in durƙusa saboda albasa? Girman kai ne, yanzu na sani. A lokacin sunan da na ba shi mutunci.

Sai na ɗauko kwando, na ninke rigar a ƙasa, na rufe ta da lawashi, ganyen albasar da ta shanya don miya. Ta dube ni, ta dubi kwandon. "Lawashina kuma mi yay yi?" Na ɗauki kwandon na ajiye a zaure. Gab da magariba na nufi gidan mahauci, na yi sallama, aka ce yana bayan gida yana alwala. Na ce a gaishe shi, ga lawashi na kawo. Kafin a fito karɓa, na rataye rigar a ƙusar bayan ƙofar zaurensa, na juye ganyen a faifai, na fito da kwandona fayau. Na yi salla a sahun gaba, har da doguwar addu'a.

Washegari tun kafin hantsi ina bakin lambu da fartanya. Da ruwan ya iso, ja wur da laka, yana tura busasshen ganye a gabansa, sai da idona ya kawo ƙwalla. Na sare bakin fangali na farko, na ji ƙasar tana tsotsa tana ƙara. In ya cika ka toshe, ka sare na gaba, aikin ke nan, kuma ba a yi masa gaggawa. Na ɗaga kai na dubi tudu, na hango kaki ƙarƙashin aduwa. Na ce Allah sarki mahauci, mutumin kirki, ko ƙorafi bai yi ba. Na ƙudurta zan ɗinka masa hula kyauta.

Ina kan fangali na biyar na miƙe in gyara baya, sai idona ya faɗa lambu na uku daga nawa. Wani ƙaton mutum ya duƙa can cikin tattasai, ya ja malafa ya rufe fuska, yana ƙoƙarin zama ƙarami. Duk ƙasar Wurno babu mai wannan bayan sai mutum ɗaya. Na ce, "Sarkin hwawa?" Bai ɗago ba. Na sake kira. Ya ɗaga malafar kaɗan ya ce, "Lawashinka ya yi daɗi."

Na ce to wa ke kan tudu? Ya ce wanzami mana, shi ya kai masa ita tare da tsire bayan magariba. Muka juya tare. Can ƙarshen layi ga wanzami yana toshe bakin fangali, yana yi yana ɓoyewa bayan kewayen kara. Da muka yafuto shi ya zo yana dariyar rashin gaskiya, ya ce shi ladan ya kai wa, a naɗe cikin tawul ɗin aski. Bai rufe baki ba muka ji tarin da duk gari ya sani, tarin da ke riga kiran salla fitowa ta lasifika. Ladan ne, da kwashe, irin fartanyar nan tamu, a kafaɗa, laka har gwiwa.

A nan ne abin ya faɗo mana, abin da ko yaro zai gani amma mu manya biyar ba mu taɓa gani ba. Saje unguwa unguwa ya raba mu, mu kuwa 'yan unguwa ɗaya lambunanmu a layi ɗaya suke tun kakanni. Ranar ruwan ɗayanmu ita ce ranar ruwan kowa. Da can ba ta taɓa ɓaci ba don ruwa na zuwa a kai a kai, in ka rasa yau ba abin da zai mutu. Shi kuma Saje ba shi da lambu, gonar gidansu 'yan'uwa suka rabe tun yana bariki, ina zai san layin kowa in ba a faɗa masa ba?

Muka tsare ladan da ido. Ya ce shi bai rataye wa kowa ba, Allah ya kiyashe shi. Bayan isha'i dai ya ajiye ta kan dakalin ƙofar masallaci, ya ce wanda Allah ya ba iko. Mahauci ya tambaye shi wa ke zama kan dakalin nan bayan isha'i. Ladan ya sunkuyar da kai yana kallon lakar ƙafarsa.

Na sa hannu na kare rana na dubi tudun da kyau. Rigar ta sauko har gwiwar mai ita. Hannuwanta sun rufe yatsu. Ya taka zuwa gabas, ya juyo, ƙafar hagu na ja.

Ban san lokacin da na jefar da fartanya ba. Na hau tudun ina haki, laka na zuba daga wandona. Saje yana tsaye daidai inda ya koya mana tsayuwa, ba cikin inuwar ba, gefenta, don daga inuwar ba a ganin kwanar hanya. Mu duk cikin inuwar muke zama, wasu har da gyangyaɗi. Koren zaren aljihun yana daidai cikinsa. Gumi ya jiƙe masa furfura.

Na durƙusa na ce, "Baba Saje, ka yi haƙuri. Aikina na. Ba ni rigar."

Bai dube ni ba, idonsa na kan daji. "Ɗakin wa tak kwana?"

Na ce, "Ɗakinka, Baba, amma..."

"To mi kaka nema? Hwarar hula ba su hawa tudun ga. Sauka ka ba albasarka ruwa, manomi. Ni anka aje in tsare ka."

Da ya zage ni, da ya sa ni tsallen kwaɗo gaban mata, da na fi jin daɗi. Farar hula, ni da na ɗinka rigar. Na sauko kamar an yi mini duka. Na ɗauki fartanya na sare fangali na shida. Ruwan da ɗazu ya sa ni ƙwalla yanzu kallonsa ma ba na son yi. Duk saran da na yi sai na ɗaga kai, yana nan, ya taka gabas, ya juyo. Rana ta hau tsakiya, irin ranar da ke sa tsuntsu buɗe baki. Dattijo ne da ya haura saba'in, wanda ko tafiya masallaci sai ya huta a hanya.

Na shayar da na bakwai, na takwas, na tara. A na taran ne na ga ya dafa aduwar, ɗan kaɗan, sannan ya saki ya miƙe. Saura fangali uku, kuma da sauran lokaci kafin azahar, ruwan zai ishe su. Amma zuciyata ta ce kai wane irin mutum ne? Na toshe bakin magudanata, na bar ruwan ya wuce gaba, na wanke hannu na sake hawa tudun. Na tsaya bayansa taku uku, na ƙame, daga ni sai singileti da wandon laka.

Bai ko waiwayo ba. Can sai ga mahauci, ya gama nasa, ya tsaya gefena yana huci. Sai ladan. Wanzami ne ƙarshe, ya zo ya ƙame yana fuskantar gari maimakon daji, sai da mahauci ya kama kafaɗarsa ya juya shi. Haka muka tsaya mu huɗu bayan tsoho guda, masu lambu na ƙasa suna nuna mu da fartanya suna dariya. Ni kuwa a raina ina jin na yi abin kirki. Har na fara tsara yadda zan ba da labarin, na bar ruwan albasar babana saboda Saje.

Da la'asar ta yi ya cire rigar, ya ninke ta yadda ya koya mana, ya miƙa mini hannu da hannu. "Gobe," in ji shi, ya sauka. Bai yarda kowa ya riƙa shi ba.

Mai ɗakina ce ta wanke ta. Ta kira ni ta nuna mini bayan rigar, gishirin gumi ya yi fari fat tun daga wuya har ƙugu. Ba ta yi mini gori ba, karo na farko ke nan tun da na aure ta, kuma na fi son gorin. Abin da ta ce kawai, in zan sake yin rashin kunya in bar mata lawashinta.

Ranar Asabar ba a yi fareti ba, Saje yana kwance, rana ta buge shi. Duk da haka daga kan gado ya aika aka kira mai rabon ruwa, suka sake raba mu, kowane gida da mutum daga kowane layi. Aka raba ni da taubashina, wanda ya dawo daga Rabah ya ji labari ya yi dariya har ya zauna a ƙasa, ya ce kwana ɗaya kawai ya bar bayinsa suka sayar da gari.

Fangulan nan uku ba su kai zagayowar ruwa ba. Kawunan suka bushe a tsaye, na murza, ƙaiƙayi. Taran suka yi iri, bai cika goran babana ba, amma ya kai rabi, kuma har yau shi nake shukawa.

Kafin a kai ga haka, a kwana na uku da kwanciyarsa, na je gaishe shi da furar da mai ɗakina ta dama. Yana jingine da bango, ya ƙara ƙanƙancewa. Na durƙusa na shirya doguwar ban haƙuri, ya katse ni.

"Tela, albasa ta sha?"

Na ce, "Ta sha, Baba, alhamdu lillahi."

"Ƙarya kaka yi. Tara sunka sha. Ukku na wajen kewaye ba su sha ba."

Na ɗago na dube shi.

"Daga tudun ga komi ana gani," in ji shi. "Ladan ya hwaɗa mani irin babanka na, tun kan dakali. Shi yas sa nid ɗauke ta. Na tsaya cikin rana don sha biyu su sha, kai kuma kat taho kat tsaya bayana kamar turke. Mi tsayuwarka tat tsare?"

Ya miƙo hannu ya karɓi ƙwaryar furar, ya kurɓa, ya ce ta yi tsami kaɗan amma ba laifi.